Farantin sola zai iya kama eksiren rana?

Sani_MaiSola: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu fizik na zauren nan. Na ji an ce na'urorin da ake ɗora wa taurarin ɗan Adam don auna hasken eksire da ke fitowa daga rana, da silikon ake yin su. To ni sana'ata haɗa sola, kuma kowa ya san farantin sola silikon ne. Idan na rufe faranti da baƙar leda yadda hasken da ido ke gani ba zai shiga ba, na jona mita, abin da ta nuna ba shi ne eksiren ba? A ganina kuɗi kawai ake ƙonawa wajen harba kumbo.

Bala_Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ka rufe, ka jona mita, ka kawo tabarma ka zauna. Sifili za ka yi ta kallo har Mahadi ya bayyana 😂

MalamFizik: Malam Sani, rabin maganarka ta tsaya, rabi ta faɗi. Silikon ɗin dai shi ne. Amma eksiren rana ba ya isowa ƙasa ko kaɗan, iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun can sama, nesa da inda jirage ke bi. Ko ka hau Dala, ko ka hau Kilimanjaro, ba abin da za ka kama. Shi ya sa sai da aka sami roka aka fara auna shi. A 1949 Herbert Friedman da abokan aikinsa na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka suka ɗora na'ura a kan rokar V-2, irin waɗanda aka kwaso daga Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, suka harba daga White Sands. Lokacin ma bututun gas mai ƙirga ƙwayoyin haske suka sa, silikon bai shigo harkar ba tukuna.

Maryam_ƊakinHoto: Malam, a nan ne ban gane ba. Ni a ɗakin hoton asibiti nake aiki. Kullum ina ganin eksire yana ratsa iskar ɗaki, ya ratsa ƙirjin mutum, ya fito ta baya. Abin da ya ratsa nama, iska ce za ta tare shi?

MalamFizik: Malama Maryam, abu biyu ne. Na farko yawan iskar. Idan aka tattara iskar da ke saman kanki tun daga ƙasa har ƙarshenta, nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10. Injinku na asibiti ma ba zai ratsa wannan ba. Na biyu, eksire iri-iri ne. Da keV ake auna ƙarfin kowace ƙwayar haske. Naku na hoton ƙirji mafi ƙarfinsa yana haura keV 100, na rana kuwa mafi yawansa bai kai keV 10 ba. Mai rauni ne, iskar ɗakinki kaɗai ta isa ta cinye mafi yawansa.

Ummi_BUK: To daga ina rana take samo shi? A aji an ce mana zafin fuskarta wajen digiri 5,500 ne, kuma wannan zafin bai isa ya fitar da eksire ba.

Dakta_Habu: Haka ne ƙanwata, ba daga fuskar yake fitowa ba. Daga rawanin rana ne, farin hasken nan da ya kewaye ta, wanda mutanen Gusau da Katsina suka gani da idonsu a husufin 29 ga Maris 2006. Zafin wurin ya haura digiri miliyan 1. Idan kuma aka yi tartsatsin rana, wato maganaɗisun da ke saman tabon rana ya murɗe ya tsinke, zafin kan haura miliyan 10, eksiren ya ninku sau ɗaruruwa cikin 'yan mintoci. Dalilin da ya sa rawanin ya fi fuskar zafi haka har yau ana kan bincikensa, kuma yana cikin abin da ya sa ake ta harba waɗannan na'urori.

Bari in koma kan Malam Sani, don tambayarsa ta fi yadda Bala ya ɗauke ta nauyi. Farantinka yana tara haske jimla ya ba ka lantarki, bai damu da ƙwaya nawa ta shigo ba. Sensar da muke magana a kai kuwa ƙwaya ɗaya-ɗaya take kamawa, ta faɗi ƙarfin kowace. Ƙwayar eksire idan ta faɗa cikin silikon tana tumɓuke ilektiron daga mazauninsu, kuma kowane ilektiron ɗaya yana cin kimanin eV 3.6 (eV 1,000 ne keV ɗaya). Ƙwaya mai keV 5.9 ke nan za ta tumɓuke wajen 1,600. Ana ɗora wa silikon ɗin wuta ta jawo su gefe guda, a ƙirga cajin, daga nan a san ƙarfin ƙwayar da ta shigo. A bututun gas kuwa kowane ilektiron yana cin wajen eV 26 zuwa 30, ka ga ɗari biyu da 'yan kai kawai za ka samu. Kamar masu awon gero biyu ne, ɗaya da tiya ɗaya da gwangwanin madara. Mai gwangwani shi zai gane bambancin buhu biyu da suka yi kusa da juna, mai tiya zai ce duk ɗaya ne.

Bala_Gwammaja: Dakta, to in an gane bambancin sai me? Gero dai ana tuwo da shi.

Dakta_Habu: Sai a san abin da ke cikin wutar da kuma zafinta, Malam Bala. Kowane sinadari yana da ƙarfin da yake fitar da eksirensa a kai. Baƙin ƙarfen da zafi ya kwashe masa kusan duk ilektiron ɗinsa yana haskawa a keV 6.7, kuma ba ya bayyana sosai sai zafi ya haura digiri miliyan 10. Da ka ga layin nan ya taso ka san tartsatsin ya yi zafi. Haka magniziyom, silikon, kibiritu da kalsiyom, kowa da wurinsa. Sensar silikon mai kyau tana raba layukan da tazararsu ba ta kai eV 200 ba. Bututun gas a wannan wurin kusan keV guda yake haɗewa ya dunƙule.

Injiniya_Zakari: Ina da gyara kaɗan. An yi ta cewa silikon, silikon, kamar shi kaɗai ne. Kumbon da ya fi kowane suna a wannan fanni, RHESSI na hukumar NASA, jamaniyom ya ɗauka. An harba shi 5 ga Fabrairu 2002 da dunƙulen jamaniyom guda 9, kowane faɗinsa wajen santimita 7, tsawonsa 8 da rabi. Yana gani tun daga keV 3 har MeV 17, wato keV 17,000, har cikin hasken gama, wanda ya fi eksire ƙarfi. Silikon mai kaurin rabin milimita da zarar an wuce keV 20 yawancin ƙwayoyin ratsa shi suke su wuce, ko sallama babu.

Ummi_BUK: To me ya hana kowa ya koma jamaniyom, Yaya Injiniya?

Injiniya_Zakari: Sanyi, Ummi. Jamaniyom ilektiron ɗinsa ba su da wuyar tashi, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya tayar da su, sai hayaniyarsu ta danne abin da kike son ji. Dole a sanyaya shi zuwa kusan digiri 200 ƙasa da sifili. RHESSI da injin sanyayawa ya tafi, yana aiki dare da rana shekara 16. Ga kuma wata matsalar: ƙwayoyin da ke yawo a sararin samaniya suna dukan jamaniyom ɗin suna ɓata tsarinsa, musamman idan kumbon ya ratsa saman kudancin Atlantika inda garkuwar maganaɗisun duniya ta yi rauni. Idan lalacewar ta yi yawa sai su dakatar da aiki, su ɗumama shi zuwa wajen digiri 100 ya warke, su sake sanyayawa. Sun yi haka sau da dama kafin a rufe shi a 2018.

Idi_Maiwurno: Wannan RHESSI ai a wajenmu ya ƙare. A Afrilun 2023 ya faɗo, NASA ta ce a saman Sahara ya shigo, can kusurwar da Sudan, Masar da Libiya suka haɗu. Kwanaki kaɗan ke nan da ɓarkewar yaƙi a Khartum, ba wanda yake ta tarkacen kumbo a lokacin. Allah Ya kawo mana ƙarshen fitinar nan.

Maryam_ƊakinHoto: Amin ya Allah, Malam Idi. Allah Ya tsare ku.

Bala_Gwammaja: Amin. Su harba daga Amurka, ya tashi faɗowa ya nufo mu. Kullum haka ne.

Injiniya_Zakari: Mafi yawansa ƙonewa ya yi a iska, Bala, duka nauyinsa wajen kilo 300 ne. In dawo kan maganar Ummi: akwai na tsakiya, kadmiyom-teluraid. Lambar atam ta silikon 14 ce, jamaniyom 32, kadmiyom 48, teluriyom 52. Iya girman lambar, iya yadda abu ke tare eksire mai ƙarfi, don haka milimita ɗaya na wannan yana yin aikin da silikon ba zai iya ba. Kuma ba ya neman tsananin sanyi. Na'urar STIX da ke kan kumbon Solar Orbiter na Turai, wanda aka harba a Fabrairun 2020, guda 32 ta ɗauka, ana riƙe su a wajen digiri 20 ƙasa da sifili, suna gani daga keV 4 zuwa 150. Kumbon da ke matsawa har kilomita miliyan 42 daga rana, ina zai kai jamaniyom?

Dakta_Habu: Injiniya, kana yabon kadmiyom-teluraid kamar kai ke sayar da shi. Faɗi aibinsa mana. Cajin ba ya tafiya sumul a cikinsa, wani yana maƙalewa a hanya, sai ƙwaya mai ƙarfi ta fito a lissafi kamar mai rauni. Kuma samun dunƙule babba mai tsabta wahala ne. A ƙasa da keV 10, inda layukan sinadaran suke, ba ya kama ƙafar silikon.

Injiniya_Zakari: Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma kai zafin gas kake nema, ni ilektiron ɗin da tartsatsin ya cilla nake nema, kuma sai sama da keV 20 suke nuna kansu. Indiya ai ba ta tsaya gardama ba, duka biyun ta ɗauka. Aditya-L1 da suka harba 2 ga Satumba 2023 yana da SoLEXS mai silikon don mai rauni, da HEL1OS mai kadmiyom-teluraid da ɗan'uwansa mai haɗin zink don mai ƙarfi.

Alhaji_Gajerenzango: Yara, ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina, amma ina da tambaya. Tun ina saurayi nake sauraren rediyo a gajeren zango. Wani lokaci da rana tsaka kana cikin jin labarai sai tasha ta ɗauke ɗif, ka juya mita 16, ka juya 19, ka juya 25, duk shiru, ko shuu ɗin nan ma ya ragu. Bayan ɗan lokaci ta dawo da kanta. Mukan ce batir ne ko eriya. Wani ɗana ya ce mini rana ce. Da gaske ne?

MalamFizik: Baba, ɗanka ya yi gaskiya, in dai da rana ne kuma duk tashoshin suka ɗauke tare. Eksiren da muka ce ba ya isowa ƙasa, a can sama yake sauke ƙarfinsa, tsakanin kilomita 60 zuwa 90. Idan tartsatsi ya tashi sai wannan sashen ya cika da caji, ya riƙa shanye gajeren zango maimakon ya bar shi ya wuce ya dawo. Ranar 6 ga Satumba 2017 an yi babba, mai daraja X9.3, wajen ƙarfe ɗaya na rana agogon Najeriya da Nijar, rana tana saman Afirka, kuma gajeren zango ya ɗauke a wannan ɓangaren na duniya. An sake yin mai X9 ranar 3 ga Oktoba 2024, shi ma kusan wannan lokacin.

Alhaji_Gajerenzango: Ikon Allah. Batir nawa muka zarga a banza. Allah Ya yi maka albarka.

Ummi_BUK: Wannan X ɗin da lamba, wa yake bayarwa?

MalamFizik: Taurarin GOES na hukumar NOAA ta Amurka, suna tsaye a kusan kilomita 36,000. Darajojin su ne A, B, C, M, X, kowace ta ninka ta ƙasa da ita sau 10. Shekaru da dama da akwatin gas suke awon. Daga GOES-16, wanda aka harba a Nuwamban 2016, suka koma fotodayod na silikon.

Sani_MaiSola: Yauwa! Ga inda nake jira. Fotodayod ai ƙanin farantina ne, haske ya shiga lantarki ya fito, a auna. Ba ƙirgar ƙwaya ɗaya-ɗaya ba kamar yadda Dakta ya ce. Ashe dai abin da duniya ta dogara da shi wajen cewa X kaza ne, aikina ne aka ɗaga sama. Bala, ina tabarmar?

Bala_Gwammaja: Tana nan. Ka fara nemo roka tukuna.

Dakta_Habu: Malam Sani, a wannan ka ci rabin gari. Na GOES jimla yake aunawa, a tsagi biyu kawai, kuma don aikin gargaɗi hakan ya wadatar. Amma ba baƙar leda ake sa masa ba, ɗan siririn beriliyom ne, ƙarfen da ke tare hasken ido da na ultarabayolet ya bar eksire ya wuce. Lantarkin da ke fitowa kuma ƙanƙane ne ƙwarai, mitarka ba za ta san an yi ba. Farantinka yana da faɗi, kuma iya faɗin silikon iya hayaniyarsa. Wannan matsalar ce Emilio Gatti da Pavel Rehak suka warware a farkon shekarun 1980: suka tsara silikon yadda cajin zai gangaro daga ko'ina zuwa ɗan mitsitsin wuri guda a karɓe shi a can. Irinsa ne a SoLEXS, irinsa ne kuma a na'urar XSM da ke kan Chandrayaan-2, kumbon Indiya mai kewaya wata tun 2019. A 2019 zuwa 2020, lokacin da rana ta yi lamo har GOES ba ya ganin abin kirki, XSM ta kama ƙananan tartsatsi kusan 100 a wuraren da babu tabo ma.

Maryam_ƊakinHoto: Kumbon wata kuma me ya haɗa shi da rana?

Dakta_Habu: Eksiren rana idan ya daki ƙasar wata, duwatsun suna mayar da nasu eksiren, kowane sinadari da ƙarfinsa. Wata na'urar tana kallon wata, XSM tana kallon rana, don sai an san abin da ya shiga kafin a fassara abin da ya fito.

Garba_Ma'adinai: Kai! Wannan ai bindigar gwajin dutse ce da muke aiki da ita. Ka ɗora ta a kan dutse ko gari, ka danna, ta rubuto maka kuza kaza, dalma kaza, tagulla kaza. Wanda ya koya mini ya ce kada in kuskura in taɓa ɗan tagar da ke bakinta, in ta fashe an gama. Dakta, abu ɗaya ne?

Dakta_Habu: Uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Garba. Bindigarka tana da ƙaramin bututun eksire a madadin rana, sensar kuma silikon ce mai ɗan sanyayawa a bayanta. Har ma ɗaliban Jami'ar Colorado sun sayi irin wannan sensar ta kasuwa, ta kamfanin Amptek, suka gyara ta suka sa a ƙaramin tauraro mai suna MinXSS. An sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Mayun 2016, ya yi kusan shekara yana aiko da awon rana.

Ummi_BUK: To mu me muke jira? A 2017 ai an harba NigeriaEduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure tare da GhanaSat-1, ƙarƙashin shirin wata jami'ar Japan. Idan an iya wancan, me zai hana na gaba ya ɗauki sensar eksire?

Injiniya_Zakari: Wancan santimita 10 ne ta kowane gefe, MinXSS ya ninka shi uku. Kuma sensar ba ita ce wahalar ba. Dole tauraron ya iya juya kansa ya fuskanci rana ya tsaya cak, dole a gwada sensar a ƙasa da sinadarin da aka san ƙarfinsa, dole a sami tashar karɓar bayanai da ba ta ɗauke wuta. Ban ce ba za a iya ba.

Bala_Gwammaja: "Da ba ta ɗauke wuta." To Sani ga kwangila ta samu.

MalamFizik: Ni ban goyi bayan a fara da tauraro ba. Awon GOES kyauta yake a intanet, ana sabunta shi kowane minti. Na RHESSI da STIX ma a buɗe suke. Ɗalibanmu nawa suka taɓa sauke su? Kuma akwai abin da makarantar sakandare ma za ta iya: eriyar waya da aka naɗe a katako, tana sauraren tashoshin dogon zango sosai. Tartsatsi na tashi ƙarfin siginar zai canza. Jami'ar Stanford ta rarraba irin wannan ga makarantu a ƙasashe da dama. Ba eksiren kake kamawa ba, sawunsa kake gani, amma daga tsakar gida.

Ummi_BUK: Malam, da girmamawa, in kullum bayanan wasu za mu riƙa saukewa, yaushe za mu koyi ƙera namu? Indiya ma da ƙarami ta fara, SOXS a kan GSAT-2 a 2003, yau ga su da kumbo sukutum.

Sani_MaiSola: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya rushe maganata gaba ɗaya ba. Wurin ne ba daidai ba, amma silikon silikon ne.

Injiniya_Zakari: Silikon ɗin sensa ya fi na farantinka tsabta nesa ba kusa ba, Malam Sani, kada mu koma baya. Kuma akwai abin da ba a taɓo ba: yawan haske ma matsala ne. Idan ƙwaya biyu suka shigo a tare, mai ƙirga ɗaya-ɗaya sai ya ɗauka guda ce mai ƙarfin biyun. Shi ya sa RHESSI da STIX suke da labulen alminiyom da ke rufowa da kansa idan tartsatsi ya yi yawa. GOES ɗin ma ranar 4 ga Nuwamba 2003 cika ya yi ya tsaya, daga baya aka kintata X28, wasu masu bincike suka ce ya kai X45.

Alhaji_Gajerenzango: To in sun ga tartsatsin, suna iya sanar da mutane kafin rediyo ya ɗauke?

MalamFizik: A'a Baba. Eksire da gudun haske yake tafiya, minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi daga rana. Lokacin da sensar ta gan shi, ya riga ya iso. Abin da ake samun sararin gargaɗi a kai shi ne gajimaren gas da kan biyo baya, wanda yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kamar wanda ya jawo guguwar maganaɗisu ta 10 ga Mayu 2024.

Dakta_Habu: Kuma tabon da ya haddasa waccan guguwar, bayan ya juya bayan rana inda GOES ba ya gani, ya sake yin wani ranar 20 ga Mayu. Solar Orbiter yana can ta baya, STIX ta kama shi, aka kintata X12. Injiniya, wannan na ba ka, kadmiyom ɗinka ne ya gani. Amma lambar da aka ba shi daga ma'aunin GOES aka aro ta, don haka kada ka yi saurin murna.

Garba_Ma'adinai: Dakta, tambaya ta ƙarshe daga ni. Tawa bindigar in ta daɗe a cikin mota da rana sai ta ƙi karatu sai ta huce. Lalacewa ta fara yi ko haka suke?